Sawuna a Majami'ar Yashi

Shekara talatin da ɗaya ina suyar kifi
a gindin katangar nan mai launin ƙwaiduwa,
ban taɓa leƙa ƙofarta ba.
Baƙi kan sauko daga jirgin ruwa, rana ta gasa musu wuya,
su ce ina tsohuwar majami'ar Yahudawa,
in nuna da matsami, in koma kan kaskona.

Ran wata Talata ruwan sama ya kashe mini wuta.
Na ruga zauren na raɓe.
Tsoho Eliyawu mai riƙon makullai ya dube ni:
"Tun da kin riga kin jiƙe, ƙarasa ciki."

Na ƙarasa. Sai ƙafata ta nutse.
Yashi ne fari sol, daga bango har bango,
kujerun maɗaci sun zauna a kai kamar kwale-kwale a gaɓa.
Fitilun tagulla na lilo a sama,
hasken taga shuɗi ya zubo mini a hannu.
Takalmina mai ƙara, wanda duk kasuwa ta san shi,
ya yi shiru, kamar an ce masa kul.

Na ce, me ya kawo bakin teku ɗakin ibada?
Ya ce, "Malamai sun ce tunawa ce da shekara arba'in a hamada.
Wasu sun ce alkawarin Ibrahim ne,
zuriya kamar yashi.
Ni dai na kakata na riƙe.
Ta ce a Andalus, da aka ce ko ka bar addininka ko ka bar gari,
waɗanda suka zauna sun riƙa sauka ƙarƙashin ƙasa daren Asabar,
su watsa yashi don kada maƙwabci ya ji taku.
Tsoro ya wuce, yashin bai wuce ba."

Ya nuna mini ginshiƙai huɗu, kowane da sunan uwa:
Saratu, Rifkatu, Rahila, Lai'atu.
Ya nuna akwatin Attaura, bai buɗe ba.
Ya ce da, ran idi, har bakin ƙofa ake cika,
yanzu kuwa maza goman da addu'a ke bukata
sai ya bi su a waya,
ko ya tsaya a tashar jirgi yana duban fuskoki.
Ya yi dariya. Ni ban yi ba.

A bakin fita akwai littafin baƙi.
Na goge man kifi a zanina, na rubuta:
Altagrasiya Kuriyel.
Ya sa tabarau. Ya karanta. Ya sake karantawa.
"Sunan gidanmu ne," in ji shi.
Na ce na sani.
Kakar kakata a wancan bakin ruwan aka sauke ta,
aka duba haƙoranta, aka biya.
Sunan da ta zo da shi teku ya cinye,
naku aka ɗora mata kamar tulu.
Ta wanke muku fararen kayan Asabar,
ta kunna wutar da ba ku taɓawa a ranar.

Ruwa na dukan rufi.
Bai ce yi haƙuri ba, ban kuwa nema ba.
Waɗanda suka gudu da makulli a wuya
sun zo tsibirin nan sun riƙe wani makullin.
Duk biyun gaskiya ne,
kuma yashin ya shanye takun kowa.

Da zan tafi na waiwaya.
Ga sawuna, na hagu ya fi zurfi saboda gwiwa,
ya bi ta tsakanin Rahila da Lai'atu.
Manjagara na jingine a bango.
Ya ce, "Sai Juma'a nake shara."

Da dare na zazzage takalmina a bakin gado.
Abin da ya zubo bai cika cokali ba.
Ban share ba tukuna.